Digirin digirgir kan rana da iskar can sama, me ake bincika a ciki?

Tambaya: Salam Malam. Na gama mastas a fiziks, malamina ya ce in yi digiri na uku kan yadda hasken rana ke taɓa iskar can ƙololuwar sama. A gida sai tambayata ake wai zafin rana zan zauna ina karantawa? Don Allah me ake bincika, kuma yana da amfani a ƙasarmu?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ka faɗa wa mutanen gida ba zafin da ke sa mu gumi a watan Afrilu ba ne. Rana tana fitar da wani haske da ido baya gani, irin su altrabayolet mai ƙarfi da eksire, wannan baya isowa ƙasa, iskar sama ce ke shanye shi. Daga wajen kilomita 60 har kusan 1000 sama da kanmu hasken nan yana fizge ilektron daga ƙwayoyin iska, sai wurin ya zama mai ɗauke da lantarki, shi ake kira ayonosfiya. Duk wanda ya taɓa kama BBC Hausa ko Muryar Amurka a gajeren zango ya amfana da ita, domin ita ke maido da sautin rediyo ƙasa. Kuma in ka lura tashar matsakaicin zango tafi zuwa nesa da dare, dalili shine sashen ƙasa-ƙasa na ayonosfiya mai shanye sautin yana ɓacewa in rana ta faɗi.

Toh ita rana ba kullum take ɗaya ba, tana da zagaye na kusan shekara 11, wanda muke ciki ya fara a Disamba 2019. In ta yi aman wuta hasken minti 8 kacal yake yi ya iso, gajeren zango ya ɗauke ɗif a ɓangaren duniya da ke da rana, shi kuma gajimaren ƙwayoyi masu lantarki da take watsowa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, in ya iso sai ya tada guguwa a maganaɗisun duniya. Iskar saman tana ɗumama ta kumbura ta riƙa jan taurarin ɗan adam ƙasa, haka akai a Fabrairun 2022 da kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49, guda 38 suka faɗo suka ƙone. A Maris 1989 irin wannan guguwar ta kashe wutar Kebek a Kanada awa tara.

Inda nake so ka buɗe kunne shine nan. Layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu ya ratsa Najeriya, kuma da rana akwai wani kogin lantarki da ke gudu ta samansa a wajen kilomita 100. Farfesa Cyril Onwumechili ya yi suna a duniya kan binciken wannan tun yana Jami'ar Ibadan. Bayan magariba kuma ayonosfiyar yankinmu takan yamutse, ta yi manyan kumfa da ke sa siginar GPS rawa ko ta yanke gaba ɗaya, musamman wajen Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba. Ka tuna masu safiyo da jiragen sama da GPS suke aiki. Amma na'urorin awo a Afirka 'yan kaɗan ne, lissafin da duniya ke hasashe dashi yawanci da bayanan Turai da Amurka aka gina shi, shiyasa yakan kuskure samanmu, abin nan yana damuna sosai wallahi.

Ni dai a ganina ka karɓa, amma kar ka ɗauki taken da faɗi haka. Zaɓi abu ɗaya, misali yadda kumfar nan ta kasance a samanmu lokacin babbar guguwar 10 da 11 ga Mayu 2024, ka kwatanta da dararen da ba guguwa. Ka fara koyon Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, tun yanzu don aikin rabinsa tace bayanai ne, kuma ka shirya ganin giɓi a cikinsu saboda ɗaukewar wuta a tashoshi. Kafin ka biya kuɗin rajista ka tambayi malamin naka ƙarara, daga wace na'ura za ka samu bayanai, shekara nawa ta tara? Ka kuma tuntuɓi cibiyar binciken sararin iska ta NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, cibiyar tana Anyigba a jihar Kogi, da sashen fiziks na Jami'ar Ilori, sun daɗe suna auna ayonosfiya. Allah ya bada sa'a.