Idon roba ba na kanti ba ne

Ka tambaye ni jiya, tunda idon roba ba ya gani, me ya sa muke cin kwanaki a kan guda ɗaya, maimakon mu ɗauko haɗaɗɗe mu saka wa mutum ya kama gabansa. To, ajiye burushin nan ka ji.

Kwarmin idon kowa daban yake. Shi ya sa bayan tiyata muke jira mako 6 zuwa 8 kumburi ya saɓe, sannan mu ɗauki awo. In ido bai zauna daram ba, ruwa ya dinga taruwa a bayansa ke nan, ga kwantsa, ga ƙaiƙayi. Akwai wata mai ɗinki daga Tudun Wada da ta zo mini da irin wancan. Shekara biyu tana janyo mayafi tana rufe gefen fuska, biki ma ta daina zuwa. Ranar da na saka mata nata ta daɗe tana duba madubi, can ta ce, "Baba, zan iya sa kwalli?"

Dubi idona da kyau. Farinsa fari ne kamar takarda? Akwai ɗan rawaya, ga jijiyoyi ja, su ne muke shimfiɗawa da zaren siliki. Ka yi shi fari tas, tun daga bakin Ƙofar Doka za a gane.

Da can da gilashi ake yin sana'ar, a garin Lausha na Jamus ma tun 1835 ake yin ta. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya yanke hanyar samunsa, Amurka ta koma roba. Na roba yakan kai shekara 5, amma sai ana kawo shi gogewa ko sau ɗaya a shekara. Yaro kuwa fuskarsa girma take, nasa ba ya kai haka.

Kada ka sallami mutum ba ka gaya masa gaskiya ba. Zai zuba shayi a gefen kofi kafin ya saba, don ido ɗaya ba ya auna nisa sosai. Lokacin hunturu ƙura za ta busar masa da shi, ya riƙa ɗiga magani. In zai share, ya share zuwa wajen hanci, in ba haka ba sai ya juya ko ya faɗo, wani lokaci a gaban jama'a. Kada ya wanke da sifirit, yana cin robar. Ya kuma sa tabarau mai ƙarfi saboda mai lafiyan, shi kaɗai ya rage masa.

Miƙo mini na dattijon nan na Samaru, launin bai yi mini ba tukuna.