Tsatsa Ta Dawo Wa Ƙarfen Gindin Jirgina Bayan Na Yi Fenti

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da ƙarfin iska. Bara na goge ƙarfen nauyin da ke gindinsa da burushin waya, na shafa masa fentin hana gansakuka, amma da na fito da shi bana sai na tarar fentin ya yi bororo, tsatsa tana tsattsafowa. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tunda ya yi tsatsa, da alama ƙarfen naka baƙin ƙarfe ne na zubi, domin dalma, wadda ake yi wa wasu jirage nauyi da ita, ba ta yin jar tsatsa. Shi kuwa ƙarfen zubi yana da ƙananan ramuka da ke riƙe gishiri da laima, kuma burushin waya sheƙi kawai yake sa wa tsatsa, ba ya ciro ta daga ramukan. Kuskure na biyu, wato shafa fentin kai tsaye a kan ƙarfen, ya fi girma: yawancin fentin hana gansakuka yana ɗauke da jan ƙarfe, idan kuma jan ƙarfe ya haɗu da baƙin ƙarfe a cikin ruwan gishiri, baƙin ne ke cinyewa.

Ka fara wanke ƙarfen da ruwa marar gishiri sau da yawa, ka bar shi ya bushe sarai. Daga nan a kankare shi har farin ƙarfe ya bayyana. Feshin yashi ne ya fi shiga ramuka, amma injin gurza ƙarfe ma zai yi idan an yi haƙuri. Ka sa takunkumi da tabarau, saboda ƙurar tsohon fentin guba ce. Inda ramuka suka yi zurfi, a shafa maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, a wanke ragowarsa kamar yadda aka rubuta a jikin gwangwanin.

A ganina, a nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Ƙarfen da aka kankare yana soma sabuwar tsatsa cikin 'yan sa'o'i, tun ido bai gan ta ba, don haka kada ka kankare yau ka ce sai gobe za ka yi fenti. Ka raba aikin kashi-kashi, duk ɓangaren da ka gama ka rufe shi nan take da shafin farko na ifoksi, wato fenti mai ƙarfi da ke hana ruwa ratsawa, kana cusa shi cikin ramuka da burushi. Kada ka yi da sassafe lokacin raɓa. Ƙa'idar masu fenti ita ce zafin ƙarfen ya ɗara ma'aunin saukar raɓa, wato matakin sanyin da raɓa ke fara sauka, da digiri 3 na Salsiyas aƙalla. Shafi 4 zuwa 5 na ifoksi ake so, a cike kwarmi da kwaɓaɓɓen ifoksi mai kauri bayan shafin farko. Fentin hana gansakuka kuwa ana ɗora shi ne a kan shafin ƙarshe tun yana ɗan danƙo, yadda yatsa zai bar shaida ba tare da ya ɗebo fenti ba.

Ƙasan ƙarfen, inda ya zauna a kan katako bayan an fito da jirgin daga ruwa, shi mutane suka fi mantawa, sai an ɗaga jirgin a yi masa nasa. Idan kuma ka ga ruwan tsatsa yana zubowa daga mahaɗar ƙarfen da jikin jirgi, to ka dakatar da fenti, ka sa gwani ya duba ƙusoshin da ke riƙe da shi tukuna.