Faci Ga Kanel Ko Katin RAID?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗakin hoto da bidiyo a Garwa. Bara faifan kwamfutata ya mutu da bidiyon bukukuwa uku a ciki, har yau iyayen wata amarya da ƙyar suke amsa gaisuwata. Yarona ya karanta cewa kafin a haɗa faifai biyu su zama RAID (wato su yi aiki tare kamar faifai ɗaya) a Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, sai an yi wa kanel, wato zuciyar Linux ɗin, faci an sake harhaɗa shi. Wani kuma ya ce in sayi katin RAID, na'urar da ake sawa cikin kwamfuta ta yi wannan aikin, in huta. Wanne zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Abin da yaronka ya karanta gaskiya ne, sai dai ta tsufa. A zamanin kanel 2.2, ƙarshen shekarun 1990, haka muke yi: ka nemo faci ka liƙa, ka bar kwamfuta tana harhaɗawa ka je ka sha shayi, ka dawo ta ƙi tashi saboda ka manta zaɓi ɗaya. Tun fitowar 2.4 a 2001 aikin ya zauna cikin kanel ɗin kansa. Nau'o'in Linux irin su Debian da Ubuntu da shi suke zuwa, manhajar mdadm mai haɗa faifan kawai yaron zai saka.

Kati kuwa, ban ba ka shawara ba. Ranar da ya ƙone, yawanci sai ka samo irinsa kafin faifanka su karantu, ka zauna jiran saƙo daga Duwala amare na ƙofar shago. Na mdadm, cire faifan ka sa a kowace kwamfuta mai Linux, za ta gane su.

Sayi faifai biyu girma ɗaya, a yi RAID 1: duk abin da aka rubuta a wannan, an rubuta a wancan. Faifai biyu masu tera huɗu-huɗu (tera ma'aunin girman faifai ne), tera huɗu za su ba ka, ba takwas ba, kar ka ce an cuce ka. RAID 0, mai rarraba bayanai tsakanin faifan ba tare da kwafi ba, kar ka kusance shi, ɗaya ya mutu komai ya tafi. Faifai iri biyu ne ta yadda suke rubutu, CMR da SMR: duba kwali ka tabbata CMR ne. SMR rarrafe yake yi idan ana sake cika faifan da aka canza.

Kuɗin katin, sa su a na'urar riƙe wuta da fanka, don ɗaukewar wuta da zafin watan Afirilu sun fi kanel barazana. Duk Juma'a yaron ya buɗe /proc/mdstat, fayil ɗin da ke nuna halin faifan: UU lafiya, in ya ga U da ɗan layi, ɗaya ya faɗi. Kuma abin da ka goge bisa kuskure ya gogu a duka biyun, ɓarawo ma tare zai kwashe su. Don haka ajiye faifai na uku mai kwafin aikinka a gida.

Tambaya daga Marwa: Malam, zan iya haɗa tsohon faifaina mai tera ɗaya da sabo mai tera biyu?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, amma tera ɗaya za ka samu. Ragowar na sabon, yanke shi daban ka riƙa zuba abin da ba zai dame ka ba in ya ɓace.