Zuwa ga Kawu a Argungu: dalilin shirun ɗanku tun watan Agusta

Kawu, Allah ya ƙara girma. Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya da Inna da sauran mutanen gida. Ya damina, ya ruwa a fadama? Saƙonku ya iso ni. Kun ce yaron nan ya rage kira tun da Agusta ta kama, ya ce ba zai samu zuwa bikin ƙanwarsa bayan an kawar da amfanin gona ba, sannan ga shi kun ji yana ambaton malaminsa da suna gatsau kamar sa'ansa. Kuka tambaye ni ko Amurka ce ta fara cinye shi. Taubashina ne, a al'ada kamata ya yi in ƙara wa wutar fetur, amma wannan karon dole in tsaya masa, don na bi hanyar da yake bi kafin in zauna a garin nan. Na amsa a fili ne da izininku, saboda ba ku kaɗai ba ne uban da ke wannan tambaya.

Tushen maganar shi ne shekararmu da taku sun juya wa juna baya. A gida Agusta ce watan matsi: marka ta sauka, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada. Da Satumba ta shigo gero ya nuna, yara su fara gasa tumu, daga nan sai sauƙi, kuɗi su shigo hannu, a sa ranakun aure, 'yan dambe su fara yawo gari gari. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku a nan Madison, jihar Wiskonsin, lokacin da ku kuke shirin girbi shi yake fara shuka. Shekarar karatu a farkon Satumba take buɗewa, kuma babu watan da aljihunsa ya fi bushewa kamar wannan.

Ga yadda kuɗin yake. Yawancin yaranmu ba gwamnati ce ta turo su ba, ba kuma iyaye ke biya ba. Jami'a ce take ɗauke musu kuɗin makaranta, ta ba su alawus, su kuma su yi mata aiki: ko su taya farfesa koyarwa, ko su taya shi bincike. Wannan aiki sau da yawa na wata 9 ne, daga ƙarshen Agusta zuwa Mayu. Watannin zafi uku da suka rage, wanda malaminsa ke da kuɗin bincike ya ci gaba da karɓa, wanda ba shi da su sai ya lallaɓa da abin da ya tara. Kuma kar ku ce ai sai ya fita ya nemi wani abin yi. Bizar ɗalibi ba ta yarda ya yi aiki fiye da awa 20 a mako ba in ana karatu, shi ma a cikin jami'a. Ya tuƙa tasi ko ya kama aiki a shago a ɓoye, in aka gano, karatun ne gaba ɗaya zai salwanta. To ya fito daga wannan rani, ga sabuwar haya, ga kuɗin ajiya da mai gida ke karɓa kafin ya ba da makulli, ga littattafai, alawus na farko kuma bai shigo ba tukuna. In kun ji ya ce a ɗan yi masa haƙuri da gudummawar biki zuwa Oktoba, ba rowa ba ce.

Da za ku ga garin nan ranar 14 ga Agusta da kun riƙe baki. Yawancin gidajen haya da ke kewaye da jami'a a ranar yarjejeniyarsu take ƙarewa, sabuwa kuma sai ranar 15 take fara aiki. Jami'ar na da ɗalibai wajen 50,000, sai ku ƙiyasta dubban da ke kwashe kaya a yini ɗaya, wasu har su kwana a mota da komatsansu kafin gari ya waye a ba su makulli. Abin da mutum ya ga ba zai iya ɗauka ba, bakin titi yake ajiye shi: tebur, kujera, fitilar karatu, tukwane, fanka, wani lokaci har talabijin mai aiki. Mu da muke da mota mukan zagaya da yamma, mu ɗebo masu kyau, mu tara a garejin wani, don baƙin da ke tafe. Na san abin da zai zo muku a rai, ɗan gidan mutunci da tsintar kaya a bola. Ba bola ba ce, masu kayan da gangan suke jera su don mai buƙata ya ɗauka, kuma 'ya'yan masu kuɗin garin ma suna ɗiba. Katifa ce kaɗai muka haramta wa kanmu, da kujera mai soso, saboda kuɗin cizo. In suka shiga gida a nan, kuɗin fitar da su ya fi kuɗin sabuwar katifa nesa ba kusa ba.

A makonnin nan ne sababbin ɗalibai ke sauka. Yawanci a Shikago jirgi ke ajiye su, su hau bas na wajen awa 3 zuwa nan. Ƙa'idarmu, wadda ba a rubuta ba amma kowa ya san ta, ita ce ba a barin ɗan Arewa ya kwana a otal daren farko. Ba ma tambayar ko daga Zuru yake ko Gusau ko Maraɗi, ko masallaci yake zuwa ko coci. In dai ya ji Hausa ya wadatar. Wani zai tarbe shi, wani ya ba shi shimfiɗa a falo, wani ya kai shi banki da wurin sayen layin waya, wata ta aiko da tuwo. Wanda aka tarba bara shi ke tarbar na bana. Ɗanku yana cikin masu tarbar yanzu, kuma wani ɓangare na shirun da kuka ji, yana can yana jigilar 'ya'yan wasu ne.

Sai karatu ya kankama. Da safe shi malami ne, yana tsaye gaban yara 'yan shekara 18 da ke tambayarsa abin da bai taɓa tunanin za a tambaya ba, wasu suna ce masa ya maimaita don ba su saba da harshensa ba. Da rana ya koma ɗalibi, a ɗaki ɗaya da mutum goma sha wani abu, an ba su littafi sukutum su karanta a mako, kowa ya zo ya faɗi inda marubucin ya yi kuskure. Da dare ya zauna duba takardun yaran da ya koyar. Nasa binciken, wanda shi ne ya kawo shi ƙasar, a ɗan abin da ya rage yake tsakura.

Batun kiran malami da suna, Kawu, malaman ne da kansu suke nema. In ka yi ta ce wa mutum farfesa bayan ya ce ka daina, gani yake kana nesanta kanka da shi. Yaranmu sukan yi wata da watanni bakinsu na nauyi kafin su iya. Girmamawa a wurinsu ita ce ka zo a kan lokaci, ka kawo aikin ranar da ka ce, kuma in kana ganin malamin ya kauce ka faɗa masa da hujja. Ɗalibin da ke sunkuyar da kai yana cewa to ga komai, ɗauka suke bai yi karatun ba. Ni dai har yau ban ce wannan ya fi namu ba, amma na ga amfaninsa. Kuma ku kwantar da hankali, a cikinmu ba ya aiki: yaron da ya shigo gidana ya tarar da dattijo bai rusuna ba, a ranar zai ji daga bakin matan gida.

Abin da ya fi wahalar bayani ga wanda bai taɓa barin ƙasarmu ba shi ne rana. A Argungu tsawon yini ba ya canzawa sosai, magariba tana nan kusa da inda kuka san ta. A nan ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen 8:40 na dare. Farkon Satumba ta dawo 7:30, kuma kullum ana zaftare kusan minti 3 daga hasken yini. Ƙarshen Oktoba kafin ƙarfe 6 an yi magariba. Sai kuma ranar Lahadin farko ta Nuwamba a mayar da agogon ƙasar baya da awa ɗaya, washegari mutum ya fito daga aji kafin ƙarfe 5 ya tarar da duhu. Darasin da aka sa masa daga 2:30 zuwa 5, wanda a Satumba bai taɓa masa komai ba, yanzu ya haɗiye la'asar ya kamo magariba. Shi ya sa za ku ga kowane ɗayanmu da ƙaramar darduma a jaka, ya san wane lungu ne a ɗakin karatu ba kowa, wane ƙarƙashin bene ne ba a bi. Juma'a ranar aiki ce, don haka tun ana raba jadawalin koyarwa yaro ke roƙon a bar masa tsakar ranar fili. Akwai masallaci kusa da jami'a, da ƙafa ake zuwa, kuma nan ne muke ƙirga kanmu. Wanda aka yi Juma'a biyu ba a gani ba, za a buga masa ƙofa.

Ba don gulma muke haka ba, ko da yake ita ma ba a rasa ta. Duhun nan da sanyi suna taɓa zuciya. Yaro mai fara'a sai ya koma daga ɗaki sai ɗakin gwaje-gwaje, ba ya cin abinci sosai, ba ya son magana. Abin da muke tsoro ke nan, ya fi giya da matan da ake tsorata iyaye da su a gida.

Mu ma muna da tamu kakar, ƙarama. A unguwar Eagle Heights, inda ɗalibai masu iyali ke zama a bakin tafkin Mendota, akwai lambun da ake yanka wa mutane 'yan fuloti tun 1962. Kowace ƙasa da abin da ta shuka, ɗan Sin da kabejinsa, ɗan Indiya da nasa ganyen. Namu kuɓewa ce da yakuwa da alayyafo da attarugu. Yakuwar tana ba da ganye sosai, amma ba ta kaiwa ga zoɓo, don sai yini ya gajarta take fure, kafin nan kuwa sanyi ya riga ta. Daga farkon Oktoba kowa idonsa na kan hasashen yanayi. Daren da aka ce raɓa za ta daskare, sai ku ga masu digiri da fitilar waya a baki suna tsinkar kuɓewa, wasu na lulluɓe attarugu da tsofaffin zannuwan gado ko zai ƙara mako. Abin da aka bari a buɗe, da safe ya yi baƙi ya langaɓe. Kuɓewar a yanka, a busar a cikin tanda da wuta kaɗan don babu ranar shanya, a daka, a zuba a kwalabe. A daidai lokacin ne kuma muke watanda: a haɗa kuɗi a je ƙauye wurin manomi, a sayi sa, ɗayanmu ya yanka da hannunsa, a kasa. Ɗaliban da ba su da aure akan haɗa su biyu ko uku a kashi ɗaya, kuma kai da ƙafa ba a sa su a lissafi, gidan da za a yi farfesun kowa ya je ake kai su. Daga nan sai a bi sababbi a duba rigunansu na sanyi. Wadda aka saya a gida da sunan ta sanyi, a nan ta Oktoba ce kawai. Garin da tafki ke daskarewa har mutane su yi tafiya a kansa su huda ƙanƙara su kama kifi, sai an je shagon gwanjo an nemo mai nauyi, da takalmi da safar hannu.

Yanzu bikin. A tsakiyar zango ba hutu, sai 'yan kwanaki a ƙarshen Nuwamba, waɗanda ba su isa zuwa da dawowa ba: babu jirgin da ke tashi daga Shikago kai tsaye zuwa Abuja, sai an yada zango a Turai ko Gabas ta Tsakiya ko Habasha, sannan a nemi na Birnin Kebbi ko Sakkwato, sannan mota. In ya bar ajin da yake koyarwa ya tafi mako biyu, aikin da ke biya masa makaranta ya sa a caca. Ga kuma biza: in tambarin da ke fasfonsa ya ƙare, zama a nan ba laifi muddin takardunsa na makaranta suna daidai, amma da ya fita sai ya sake bin layi a ofishin jakadanci kafin ya dawo, kuma ba shi ke da ranar ba. Hutun da ake iya tafiya shi ne daga bayan tsakiyar Disamba zuwa wajen 20 ga Janairu. In dangin ango za su yarda a ɗaga zuwa ƙarshen Disamba, ina ganin zai zo, in bizarsa na da rai. In ba za su yarda ba, a ɗaura, kar a riƙe yarinya saboda shi, kar kuma a riƙe shi a zuciya.

Inda ba zan kare shi ba shi ne kira. Minti biyar ba ta hana kowa digiri, kuma na faɗa masa haka. Sai dai ku ma a duba lokacin. Yanzu kuna gabanmu da awa 6, daga Nuwamba awa 7. In kun kira bayan isha'i, shi yana tsakiyar aji, wayar a kashe. Ranar Lahadi bayan magaribarku ita ce daidai, lokacin ya tashi ya yi wanki yana girkin mako. In kun same shi, kafin a kawo maganar kuɗin taki ko na biki, a fara tambayarsa me ya ci, wa ya gani a makon.

Inna ta ce tana son ta ba da saƙo a hannun mai zuwa. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji da daddawa dakakkiya duk suna wucewa galibi, in mai kayan ya faɗa wa jami'an kwastan abin da ya ɗauko. Kilishi da dambun nama kam kar a sa, ko an naɗe su a cikin zani. Ƙwacewa za a yi a filin jirgi, in kuma ya ɓoye aka gano, tara ce a kan ɗan mutane da ya yi mana alfarma.