Ba Turancinki ne ya gaza ba, Alhamis ce ta kama ki

'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kin ce kina yin wasan cike gurbin kalmomi na jaridar New York Times, na Litinin da Talata kina gamawa lafiya, amma na Alhamis ya tsaya miki a wuya, har kin samu amsar da kika tabbata ita ce amma haruffanta sun fi akwatunan yawa, shi ne kike tambaya ko Turancinki ne bai kai ba. Kwantar da hankalinki, ba shi ba ne. Ni ma a nan na yi tuntuɓe lokacin da na fara, zamanin kullen korona a 2020, har na yi fushi na ajiye wasan kusan wata guda.

Da gangan suke tsara shi haka. Na Litinin ne mafi sauƙi, wuya tana ƙaruwa har Asabar. Na Lahadi girma ne kawai ya fi, akwati 21 a tsaye 21 a kwance maimakon 15 na sauran ranaku, amma bai kai na Asabar tsauri ba. Juma'a da Asabar yawanci ba su da jigo, wato wata dabara guda da ta haɗa manyan amsoshin wasan. Ita kuwa Alhamis ranar wayo ce, ranar da mai tsara wasan yake karya dokar da kika saba da ita.

Abin da ya same ki suna kiransa rebus, wato a cusa haruffa da yawa cikin akwati ɗaya. A ce amsar EDUCATION ce, haruffa tara, akwatuna kuma bakwai. Duba tsakiyar kalmar, akwai CAT a ɓoye. Ki zuba CAT ɗin nan uku a akwati guda, sai lissafi ya fita. Kalmar da ta ratso ta wannan akwatin daga sama ita ma dole ta ɗauki CAT ɗin, misali LOCATE a akwati huɗu. Da zarar kin kama guda ɗaya, ki san akwai 'yan'uwanta a wasu sassan. Ranar da na fara gane wannan na fi awa ɗaya ina gogewa ina sake rubutawa, shayina ya huce, ina zargin kaina, ashe amsata daidai take tun farko.

Shi ya sa yanzu jigon nake fara farauta. Dogayen amsoshin da ke kwance su ne ke ɗauke da shi, kuma suna zama daura da juna, don in kika juya allon sama ta koma ƙasa baƙaƙen akwatunan suna nan inda suke. Sau da yawa akwai wata tambaya can wajen ƙasa da ke tona asirin jigon, za ki ga tana ambaton lambobin waɗancan dogayen. Ita nake nema da wuri, in cike ƙananan kalmomin da suka ratsa ta har ta bayyana.

Sai batun wasa da kalma, wanda a ganina mu Hausawa bai kamata ya ba mu tsoro ba. Wanda ya taso yana jin "ƙulun ƙulufit" ya ce gauta, ya san tambaya ba ta nufin abin da ta faɗa a fili. Kuma mun saba da rubutu ɗaya mai ma'ana biyu: gari na mutane da gari na tuwo, baƙi na launi da baƙi masu zuwa gida. To haka suke yi da nasu harshen. In kika ga alamar tambaya a ƙarshen jimla, gargaɗi ne cewa ma'anar farko tarko ce. "Flower?" na iya zama kogi, wato abin da ke gudana (daga flow), ba fure ba. "Number?" na iya zama maganin kashe zafi (daga numb), ba lamba ba. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne "Nice summer", na yi ta neman kalmar bazara mai daɗi, ashe garin Nice na Faransa ake nufi, amsar kuma ETE ce, bazara da Faransanci. 'Yan'uwanmu na Nijar suna cin bulus a nan, don kalmomin Faransanci irin su AMI da MER da EAU ba sa ƙarewa. Mu ma muna da namu rabon: MALI, TOGO, CHAD, EMIR, IMAM.

Ƙananan dokokin kuwa ba su da wuyar riƙewa. In tambaya jam'i ce amsa ma jam'i ce, in ta shuɗe amsa ma ta shuɗe, in an gajarta kalma a tambaya amsar ma a gajarce take.

Kar ki ji kunyar duba suna a intanet. Wasan na Amurkawa ne, cike yake da 'yan wasan Amurka da Kanada irin su OTT da ORR waɗanda ba mu taɓa ji ba. Ni dokata ita ce ina duba sunan mutum ko wuri, amma ba na duba abin da ya shafi jigo, don nan ne daɗin yake. Kuma jigon kan kai inda ba ki zata ba. A ranar zaɓen Amurka, 5 ga Nuwamba 1996, a ƙarƙashin edita Will Shortz, sun buga wasan da gurbi ɗaya ke karɓar CLINTON ko BOBDOLE, sunayen manyan 'yan takarar shugaban ƙasa biyu, kuma duk wanda kika saka kalmomin da suka ratsa suna zama daidai, CAT ko BAT misali.

Ki koma kan na Alhamis ɗin nan da kika ajiye. Ƙirga haruffa nawa suka yi miki rara, ki nemi 'yar gajeriyar kalma a cikin amsar taki, sannan ki gwada ta da wadda ta ratso daga sama. In ta ƙi, faɗo mana tambayar da yawan akwatunan mu duba tare.