Ɗan'uwa, ku fara leƙa gidansa kafin maganar littafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ɗan'uwa, da na ga tambayarka, cewa ɗan ajinku ya rasu a nan Legas, kuna shawarar ko ku buga ɗan littafin tarihinsa ko ku yi taron tunawa da shi, wallahi sai da na ajiye wayar. Ni ma na ɗanɗani wannan ɗacin.

Nawa abokin ɗaki ɗaya muka zauna a Suleiman Hall, masaukin ɗalibai na Jami'ar Ahmadu Bello, can Samaru, kwano ɗaya muke cin garau-garau. Neman abinci ya kawo mu Ikko tare. Ranar da ya cika cunkoso ya riƙe ni a kan gadar Third Mainland, matarsa na ta kira. Kafin in isa Agege har an sallace shi an kai shi. Ɗanyar ƙasar kabarinsa kawai na tarar.

Amma abin da har gobe ke ƙona min rai shi ne mai gidan hayarsu. Ko sadakar arba'in ba a yi ba, balle matar ta fita takabarta ta wata 4 da kwana 10, ya zo ya tsaya bakin ƙofa yana ɗaga murya a gaban marayu, wai kuɗin shekara ya ƙare. Mutumin da marigayin ke kai wa cinyar rago duk Babbar Sallah! Ƙaramar 'yar ta maƙale a bayan hijabin uwarta tana rawar jiki. Mu kuwa a lokacin muna can muna gardamar hoton da za a sa a bangon littafi. Har yau ina jin kunyar wannan.

Don Allah ku tura matanku su zauna da matar ɗan ajin naku, ba za ta buɗe wa maza cikinta ba. Ku binciki bashin da ke kansa, ku sauke. Haya, kuɗin makarantar yara. Ku karɓo takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya da wuri, don kuɗin fanshonsa ba ya fita sai da ita, sannan ga takardar kotu ta magada, ita ma tana cin lokaci. Kuɗin da aka yi alkawari kuma a karɓa tun zukata na da zafi, bayan wata biyu wasu ko waya ba sa ɗauka.

Littafin ku yi shi daga baya, yaransa za su so sanin wane ne ubansu. Mu rijiyar burtsatse muka haƙa masa a ƙauyensu. Mahaifiyar ɗan ajin naku fa, tana raye? Kada ku manta da ita.