Amsa ga masu shirin shiga Gashaka-Gumti da keke daga Gombe

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ku huɗu ne, kuna son tashi daga Gombe da kekunanku a hutun Disamba, ku shiga gandun dajin Gashaka-Gumti, ku tuƙa har ƙolin dutsen Chappal Waddi, kana tambayar ko zai yiwu da kuma hanyar da ta fi. Ku je, wallahi wuri ne da ya cancanci a je, lokacin da kuka zaɓa ma shi ne daidai. Amma batun hawa dutsen a kan keke ku cire shi a ranku. Akwai inda keke yake tsayawa a dajin nan, daga nan sai ƙafa, kuma wanda bai yarda da haka tun daga gida ba, ɗaukar kekensa zai yi ta yi a kafaɗa.

Dajin ba ƙarami ba ne. Shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa har bakin iyakar Kamaru. A 1991 aka haɗe dazukan Gashaka da Gumti suka zama gandu ɗaya na ƙasa. Ɓangaren Gumti na arewa, wanda ake shiga ta Toungo, ya fi kama da irin dajinmu. Duwatsu da kurmi suna kudu, kuma ƙofarsu ita ce Serti, inda hedikwatar gandun take. Chappal Waddi da kuke hari tsayinsa mita 2,419, babu wanda ya kai shi a ƙasar nan.

Daga Gombe zuwa Serti ku ɗora kekunan a mota. Kumo, Billiri, Kaltungo, Cham, Numan, Jalingo, Bali, sannan Serti. Na san akwai masu ƙarfin gwiwa a cikinmu da za su ce a taka tun daga Gombe, to hutun zai ƙare muku a titi kuna kauce wa tireloli. Ku kwana a Jalingo, kada ku yi tafiyar dare, ku riƙa tambayar direbobin tasha halin da hanya take ciki a makon da za ku tashi. Ku cire ƙafar gaba, ku sa kwali tsakanin keke da keke, don 'yan lodi ba ruwansu da giyar kekenka.

A Serti aikin farko shi ne ofishin gandun. Ba a shiga sai da izini, ba kuma a yawo a ciki sai da jami'in daji. Ku faɗa musu ƙarara cewa da kekuna kuka zo, su za su ce muku inda aka yarda ku bi. Ina roƙonku kada wani ɗan acaɓa ya ce ya san hanyar baya ku bi shi. Jami'an nan suna fama da mafarauta da masu saran katako da masu haƙar ma'adinai, baƙon da aka gani a daji ba takarda ya jefa kansa cikin zargi. Tun 2017 gidauniyar Africa Nature Investors take aiki tare da hukumar gandayen daji ta ƙasa a wurin, sintiri ya ƙaru sosai.

Hanyar da keke yake morewa a cikin gandun ita ce wadda ta tashi daga ƙofar Bodel kusa da Serti zuwa ƙauyen Gashaka. Jar ƙasa ce da tsakuwa, hawa da gangara, ga rafuka da ake ratsawa. Da damina ruwa kan yanke ta, shi ya sa daga Disamba zuwa Maris ne lokacin zuwa. In kun iso rafi ku sauka, ku cire jakunkuna ku haye da su tukuna, sannan a ɗaga keken sama a wuce. Yashin ruwa in ya shiga sarƙa da cibiyar ƙafa, kafin yamma za ka ji keken yana kuka. Kada kowa ya faɗa wanka inda jami'i bai nuna ba, akwai dorina a kogin Mayo Kam. Abin da ya fi damun mai keke a nan shi ne ƙudan tsando. Yana bin abu mai motsi, yana son baƙin kaya da shuɗi, kuma yana huda siririyar rigar nan ta 'yan keke kai ka ce ba ka sa komai ba. Ku sa riga mai kauri mai dogon hannu, ruwan ƙasa ko fara-fara.

A Gashaka ku jingine kekunan. Kusa da ƙauyen akwai kufan sansanin Jamusawa, tun zamanin da yankin yake ƙarƙashin Kamarun Jamus, kafin ya shigo Najeriya bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Daga nan ake takawa zuwa kurmin Kwano, inda masu bincike suka shafe shekaru suna nazarin birai. Bishiyoyi sun rufe sama, ƙasa a jiƙe ko da rani, birai masu dogon gashi fari da baƙi suna tsalle a reshe. Akwai cimfanzi a kurmin, sai dai ganinsa sai mai rabo, yawanci ihunsa ake ji ko a ga sheƙar da ya kwana a kan bishiya. Wanda ya shigo da ƙarar keke ko wannan ba zai samu ba.

Yanzu ga inda nake so ku sa ƙarfinku. Tuƙin da za ku daɗe kuna ba da labarinsa yana kan titin Serti zuwa Mayo Selbe, sannan hawan tsaunin Mambilla zuwa Maisamari, Nguroje da Gembu. Daga Mayo Selbe titin yake kama dutse, kwana a kan kwana, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗaya gefen. Ku fara hawan bayan sallar asuba, ku sa giya mafi sauƙi tun daga tushe, kada wani ya yi tsere da wani. Saman ya kai wajen mita 1,600, kuma duk mita 1,000 da ka hau zafi yana sauka da kusan digiri 6, don haka za ka baro ƙasa kana zufa ka isa Nguroje haƙoranka na karo. Rigar sanyi ta kasance a saman jaka. Da kun fito sama, sai tuddai masu ciyawa iya ganinka, shanu, layukan bishiyar zaiti, ga gonar shayi ta Kakara. Masu son Chappal Waddi ta nan ya fi musu sauƙi: daga Nguroje a nufi Njawai, a bar keke, a ɗauki jami'i da 'yan dako a taka.

Saukowa ce take ba ni tsoro, ba hawa ba. Keke mai kaya a doguwar gangara, in ka danne birki ka ƙi saki, bakin ƙafar yana ɗaukar zafi har tif ya fashe, mai birkin faifai kuma sai ya ji ya matsa hannu ya tafi a banza. Ana matsawa ne a saki, a rage gudu kafin a shiga kwana ba a cikinta ba, a riƙa tsayawa ana taɓa ƙarfen. In ya ƙona yatsa, a zauna ya huce. Ku bar tazara tsakaninku, ku kama hannunku, domin motocin katako da tsofaffin Land Rover na Mambilla sukan cinye kwana duka. Kowa ya tafi da sababbin robobin birki da wasu a jaka.

Kafin Disamba ku gwada kanku a gida. Ku loda kayan da za ku tafi da su, ku hau titin Tula daga Kaltungo ku sauko. Wanda Tula ta sauke shi daga keke ya san sauran aikin da ke gabansa, kuma a nan za a gane birkin wa ke da matsala.

Sauran ƙanana ne amma kada a raina su: tif biyu-biyu, kayan faci, famfo, man sarƙa, gidan sauro, maganin zazzaɓin cizon sauro, abin tace ruwa ko a tafasa. Ku riƙe tsabar kuɗi, ku kuma gaya wa gida cewa waya za ta ɗauke in kun shiga ciki, kada hankalinsu ya tashi. Duk ƙauye ko rugar da kuka sauka, a fara gaida jauro ko arɗo. In akwai mai jin Fillanci a cikinku, ku sa shi gaba, zai buɗe muku ƙofofi da yawa.

Ku tuntuɓi ofishin Serti tun yanzu ku ji kuɗin shiga da na jami'i da batun masauki, don waɗannan suna canzawa. In kun tsayar da rana ku sanar a nan, mu haɗu ranar wata Asabar a duba kekunan ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya.